Jinjinar da Baba ya yi a Abbasiya

Darasin farko da Alƙahira ta ba ni na tsallaka titi ne. Na tsaya a bakin wani babban titi a Madinat Nasr riƙe da akwatina, ina jiran motoci su tsagaita kamar yadda duk mai hankali zai yi, har ƙafata ta yi tsami ba su tsagaita ba. Wata tsohuwa mai ɗauke da faifan gurasa a ka ta dube ni sama da ƙasa, ta cafki hannuna ba sallama ba komai, ta ce, "Yalla!" wato mu je, ta ja ni cikin motocin nan. Na rufe ido ina salati. Da na buɗe sai ga mu a ɗaya gefen, ita kuwa har ta yi gaba abinta, ko sunanta ban ji ba.

Sunana Hajara, mutuniyar Zariya ce ni. Na yi 'yan shekaru ina aikin lauya a wani ƙaramin ofis da ke taimaka wa marasa ƙarfi, kuma abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne mutumin da ɗan sanda ya zalunta. Ina zai kai kuka? Wurin wani ɗan sandan, wanda zai ba shi benci ya ce ya dawo gobe. Shi ya sa da na sami gurbin karatun digiri na biyu a Masar, na zaɓi in yi bincike a kan kwamitocin farar hula da ake kafawa a wasu manyan biranen duniya, waɗanda aikinsu shi ne su saurari koken jama'a a kan 'yan sanda su bincika. Na zo da zafin kaina da littattafaina, ina ganin kafin in koma gida na gama gyara duniya.

Darasi na biyu dillalin gidaje ne ya ba ni, wanda a nan ake ce wa simsar. Ya rantse mini da 'ya'yansa cewa ɗakin da zai kama mini yana kallon lambu. Bai yi ƙarya ba, in dai ka hau kan bokiti a banɗaki ka karkace wuya, za ka hango kan wata bishiya. Abin da bai gaya mini ba shi ne ya riga ya ba wata ɗaliba 'yar Indunusiya ɗakin. Na sa makulli na buɗe, na tarar da yarinya zaune a kan gadona tana cin taliya. Muka kalli juna, ta nuna mini nata makullin, na nuna mata nawa. Muka kira simsar, wayarsa a kashe. Ita ce ta fara fashewa da dariya, ta miƙo mini cokali. Haka muka raba ɗakin nan har ƙarshen zangon karatu, ita tana koya mini cin barkono da kifi busasshe, ni ina koya mata ɗaurin ɗankwali.

Sanyin Alƙahira ne ya karya mini lago. Ban san gari mai rana haka zai iya yin sanyi mai shiga ƙashi ba. Ga abinci: safe ful, wato waken nan da suke dafawa har ya narke, rana ful, in ka yi ƙorafi a soya maka shi a canza masa suna. Wata rana a cikin motar haya na ji wani yana waya da Hausa, yana cewa a ajiye masa ɗumame, sai kawai hawaye suka zubo mini. Kewar gida nake yi, ba wani abu ba. Matar da ke kusa da ni ta ɗauka rasuwa aka yi mini, ta yi ta shafa mini baya tana cewa "Ma'alish, ya binti," wato in yi haƙuri 'yata, ta kuma cusa mini lemun zaƙi a jaka.

Daga nan na koma Abbasiya, tsohuwar unguwa mai hayaniya, inda na kama ɗaki a gidan wata bazawara da ake kira Ummu Karim. Mace ce mai jiki da murya. Ba ta sauka ƙasa sayen komai, daga baranda take zuro kwando da igiya ta kwaɗa wa mai kanti kira, duk layin ya san abin da za ta dafa. Ranar da wata baiwar Allah, matar wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu, ta aiko mini da kuka da daddawa, na ɗora tukunya ina rawar kai. Kafin miya ta tafasa sai ga Ummu Karim a ƙofa da hanci a toshe, ta ce in fito a duba, ɓera ya mutu a cikin bango. Na zaunar da ita na zuba mata. Ta ɗanɗana tana yatsine fuska, ta sake ɗanɗanawa, ta ce in ƙaro. Tun daga ranar ta zama uwata a garin nan, kuma ba ta daina kiran miyar da miyar ɓera ba.

Karatu ya miƙa. Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai son tsokana. Duk kwamitin da na kawo masa labarinsa daga littafi, sai ya kishingiɗa ya ce, "To, wa ya naɗa su? In sun kira ɗan sanda ya ƙi zuwa fa? In sun yanke magana, wa zai bi?" Sai in koma ɗakin karatu ina ƙunƙuni. Na gano yawancin kwamitocin nan a wurin tambayar tsakiya suke tuntuɓe: suna da kujeru da suna mai daɗi, amma ba su da ikon sa mai laifi ya zo ya zauna a gabansu.

Ina cikin shekara ta biyu Baba ya zo.

Mahaifina wankin hula yake yi a cikin birnin Zariya tun kafin a haife ni. Mutum ne da zai dubi hula daga nesa ya gaya maka garin da aka ɗinka ta. Sai yanar ido ta rufe masa idanu biyu a hankali, har ya kai ga da hannu yake lalubar zare, daga baya ya bar rumfar wa yaransa ya zauna a gida. Yayyena suka haɗa ƙarfi suka turo shi wurina a yi masa aiki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Likita ya duba ya ce za a yi idon dama tukuna, in ya warke a yi na hagu, kuma kada a ja lokaci da na hagun don yanar ta riga ta nuna sosai, in aka bar ta za ta iya yi wa idon illar da ba ta gyaruwa.

Ranar da aka cire masa bandejin idon dama ba zan manta da ita ba. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya juyo ya dube ni, ya ce, "Uwata, ashe haka kika rame? Me suke ba ki a garin nan?" Sannan ya cire hularsa ya kawo ta kusa da fuska. Hular nan marigayiya mahaifiyata ce ta ɗinka masa da hannunta, zare shuɗi da ruwan ƙasa, kuma ya yi shekaru yana sa ta ba tare da ya ga aikin da ke jikinta ba. Ya daɗe yana juya ta. Ya ce, "Ga inda ta yi kuskure nan, ta ce ba wanda zai gani." Ya yi dariya, ni na yi kuka, ma'aikaciyar jinya ta rasa wanda za ta lallasa.

A hanyar komawa gida Baba ya zama yaro. Ya karanta duk allon da ya gani ko da bai gane ba. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya gaida kowa, har da wani jariri. Da muka fito a Abbasiya ya tsaya ya yaba tulin mangwaro, ya yaba wata kyanwa. Ana nan sai ya hango wani ɗan sanda tsaye a bakin mararraba cikin fararen kayan nan da suke sawa lokacin zafi. A wurin Baba, duk mai kayan sarki hukuma ne, kuma ba a wuce hukuma ba gaisuwa. Kafin in ankara ya saki hannuna, ya nufi mutumin, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama ya girgiza, ya ce da ƙarfi, "Ranka ya daɗe!"

Mai ido ɗaya ba ya gane nisa, likita ma ya gaya mana. Baba yana ganin da sauran taku tsakaninsu, alhali dunƙulen nan a gaban hancin ɗan sandan ya tsaya.

Abin ya faru da sauri. Ɗan sandan ya cafke wuyan hannun Baba ya murɗe, ya hankaɗa shi jikin bango. Hula ta faɗi cikin ruwan da mai shago ya watsa a titi. Ina ihu da duk Larabcin da na sani, cewa gaisuwa ce, tsoho ne, yau aka buɗe masa ido. Bai saurare ni ba. Ya dube ni, ya dubi hular, ya sa takalmi ya take ta, da gangan, ina kallo. Ya tura Baba cikin ɗan akurkin da suke fakewa a gefen titi, ya zaunar da shi a ƙasa. Sai da rana ta karkata, bayan wani na gaba da shi ya zo ya ga katin asibiti, aka ce mu tafi. Na nemi hular a titi ban gan ta ba.

Na riƙo hannun Baba muka kama hanya. A gida ya yi alwala ya yi sallolin da suka wuce shi, ya kwanta ya juya fuska bango. Washegari na kawo koko na dama, bai taɓa ba. Na yi tuwo da miyar kuka, ya ce ya ƙoshi. Da na matsa masa sai ya tashi zaune.

"Uwata, ki nema mini jirgi."

"Baba, saura ido ɗaya fa. Ka ji abin da likita ya ce."

"Wanda aka buɗe ya ishe ni. Na ga abin da zan gani."

Na san mahaifina. Ba ya faɗa, ba ya zagi, amma in ya ajiye magana ya ajiye ke nan. Na yi masa wa'azi, na haɗa shi da yayyena a waya, na yi fushi, na yi kuka. Ya ce shekarunsa sun kai haka ba wanda ya taɓa tuɓe masa hula a bainar jama'a, ba zai ƙara kwana a garin da ake rama gaisuwa da takalmi ba sai dole. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san in ya hau jirgin nan ba zai sake yarda a taɓa idon ba, a can ko a nan.

Sai lauyar da ke cikina ta tashi. Na ɗauki jaka na nufi Wustul Balad, tsakiyar gari inda ofisoshi suke, ina neman ƙofar da farar hula ke ƙwanƙwasawa in ɗan sanda ya ci masa mutunci. Wani ya tura ni hawa na sama, na sama ya tura ni wani gini, a can wani mai kirki ya ba ni shayi ya ce in fara kai koke ofishin 'yan sandan unguwarmu. Na yi dariyar da ba ta da daɗi, don na ga bencin nan na gida ya biyo ni har Masar. Wata lauya da muke aji ɗaya ta ce akwai hanyar shari'a, kuma za ta tsaya mini, amma in sani kafin a kira mu Baba ya daɗe da komawa Zariya. 'Yan uwana ɗalibai kuwa baki ɗaya suka ce, "Hajara, ki rufa wa kanki asiri. Baƙuwa ce ke, takardar zamanki a hannunsu take. Khalas, shi ke nan, a bar wa Allah." Ban ga laifinsu ba. Na dawo gida da ƙafa a kumbure, ɗakina cike da littattafai a kan yadda ake binciken ɗan sanda, ga ubana kwance ya ƙi cin abinci.

Ummu Karim ce ta lura kwanukan da take aiko wa Baba suna komawa yadda suka zo. A wurinta wannan ya fi zagi. Ta sauko da kanta, abin da ba ta saba ba, ta tsare ni a ƙofa ta ce in gaya mata abin da girkinta ya yi wa Hag, haka suke kiran dattijo. Na gaya mata komai. Ta dafe ƙirji, ta hau sama da saurin da ban san tana da shi ba, ta fita baranda. Na ji muryarta ta cika layin tana kiran Dakta Girgis.

Dakta Girgis Kirista ne, mai kantin magani a bakin mararrabar, dattijo mai sanyin magana wanda duk rigimar layin a gabansa ake kashe ta. Ashe ya ga komai ta gilashin kantinsa, kuma shi ne ya fita ya tsince hular ya sa a leda ya ajiye, bai san gidan da za a kai ta ba. Ya kuma san ɗan sandan. Sunansa Walid, a layi na biyu da namu aka haife shi, uwarsa tana nan tana sayar da kayan tsami a ƙofar gida. Dakta ya ce za a yi zama gobe bayan la'asar, a gaban kantinsa, kamar yadda suke yi in maƙwabta sun saɓa.

Tambayar malamina ta faɗo mini. Na ce, "Dakta, in kun kira shi ya ƙi zuwa fa? Ɗan sanda ne."

Ummu Karim ta dube ni kamar na tambayi ko ruwa na jiƙa kaya. Ta ce, "Mu za mu kira shi? Uwarsa za mu gaya wa."

Shawo kan Baba ya fito shi ne babban aiki. Na ce masa dattawan unguwa ne suka kira zama saboda shi. Ya ce ba a ƙin kiran dattawa. Ya sa babbar riga da wata farar hula da ya zo da ita.

An jero kujeru daga gidan shayi. Mai ful ya rufe tukunyarsa ya zo, mai guga ya zo, limamin ƙaramin masallacin layin ya zo, mata sun cika barandu. Can sai ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta ɓullo, tana riƙe da hannun rigar wani dogon saurayi. Da kyar na gane shi. Ba farin kaya, ba hular aiki, sai wani yaro mai silifas da ido a ƙasa. Ta zaunar da shi a kujerar da ke fuskantar Baba, ta tsaya a bayansa.

Dakta Girgis ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Ni nake fassara wa Baba. Sannan ya ce Walid ya faɗi nasa. Walid ya ce tun asuba yake tsaye a rana, kuma ba a daɗe ba wani ya fasa wa abokin aikinsa baki a wannan mararrabar. Ya juyo kawai ya ga dunƙule a gaban hancinsa, da baƙon mutum yana ɗaga murya da yaren da bai sani ba. Na fassara wannan ma, ko da yake raina bai so ba.

Dakta ya ce in bayyana musu wannan gaisuwa. Na tashi na ce a ƙasarmu in talaka ya ga babba yakan dunƙule hannu ya ɗaga, alamar girmamawa ce, ana ce mata jinjina. Na ɗan ɗaga hannuna na nuna.

"Ba haka ake yi ba," in ji Baba. Maganarsa ta farko ke nan tun da muka zauna. "Kin yi kamar mai korar ƙuda."

Ya miƙe, ya gyara riga, ya dafa gwiwar hannun dama da na hagu, ya ɗan rusuna, ya cilla dunƙulen nan sama ya girgiza shi, ya ce, "Ranka ya daɗe!" har muryarsa ta amsa a bango. Mai guga da ke kusa ya yi baya da kujerarsa saura kaɗan ya kife. Daga baranda Ummu Karim ta ce, "Wallahi ya Hag, ni ma da na gan ka da na ruga!" Layi ya ɗauki dariya. Na fassara wa Baba, na ga gefen bakinsa yana motsi, ya yi ƙoƙarin danne ta ya kasa. Ya dubi dunƙulen hannunsa kamar yau ya fara ganinsa, ya ce, "To, ai kuwa da kama."

Dakta ya bari dariya ta lafa, sannan ya buɗe ledar ya ɗora hular a kan tebur. Ta bushe da laka, ga shatin takalmi a samanta. Ya ce, "Walid, tsoro ya sa ka kama hannunsa, mun ji, mun karɓa. Hular nan ma tsoro ta ba ka? Zaunar da sa'an kakanka a ƙasa da ido ɗanye, shi ma tsoro ne?" Na gaya musu wadda ta ɗinka hular da kuma ranar da Baba ya sake ganinta da idonsa. Uwar Walid ta sa tafin hannu ta daka masa duka a ƙeya, ta ce, "Tashi ka sumbaci kansa."

Walid ya tashi ya nufo Baba da hannu biyu a miƙe, saitin kansa. Baba ya zabura ya dafe farar hularsa da hannu biyu. "Uwata, wannan ma zai cire?"

Na ce, "A'a Baba. A nan in mutum ya yi maka laifi babba, kanka yake kamawa ya sumbata a gaban jama'a. Shi ne ƙarshen ban haƙuri a wurinsu."

Baba ya dubi yaron, ya dubi mutanen da suke jira. Ya ce, "Wato su ma suna da tasu jinjinar mai ban tsoro." Sannan ya sa hannu ya cire hularsa da kansa. Tun da nake ban taɓa ganin mahaifina ya buɗe kansa da hannunsa a waje ba sai ranar. Walid ya sunkuya ya sumbaci furfurar nan, ya ce hakkin Baba yana wuyansa. Mata suka rangaɗa guɗa daga sama, irin tamu sak.

Liman ya tambayi Baba ko akwai abin da yake so a yi masa bayan wannan. Baba ya nuna hular da ke kan tebur. Ya ce, "Wanda ya ɓata shi zai wanke."

Ranar hutunsa Walid ya zo da sassafe, muka hau rufin gidan Ummu Karim da bokiti da sabulu da sitaci da buroshin haƙori sabo. Babu icen da ake kafa hula a kai, sai muka kife wata tukunyar Ummu Karim, tana ta mita daga ƙasa. Baba ya zauna a kujera ya harɗe, ya koma sarkin rumfarsa. "Gaya masa a hankali, ba takalmin aiki yake gogewa ba. Gaya masa ya bi zare, kada ya gitta shi." Walid yana gumi yana cewa "Tamam, ya Hag," wato to, yana sake ɓatawa. Da tsakar rana aka kawo ful da gurasa, na juya in ɗauko ruwa, na dawo na tarar Baba ya kai loma ta uku.

Ban yaudari kaina ba a kan abin da ya faru. Zaman nan ya yi aiki ne don Walid yana da uwa a layi na biyu, mu kuma muna da Ummu Karim. Da a wata unguwar abin ya same mu, da ba mu da kowa. Haka na rubuta a cikin aikina: birni babba yana bukatar zama irin wannan wanda doka ta kafa, mai ikon kiran ɗan sanda ya zo, mai kujera ga kowane ɓangare, don baƙon da ba shi da maƙwabciya mai baranda. Malamina ya karanta, ya kishingiɗa ya ce, "To, a dokar taki, wa zai zama uwar?" Har yau ina neman amsar da za ta gamsar da shi.

Da hular ta bushe Walid ya ciro ta daga kan tukunya ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya juya ta, ya kai ta dama, ya kawo ta hagu, ya karkata kai, ya ɗaga ta saitin rana. Muna tsaye muna jiran hukunci. Ya yi tsaki.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Da ido ɗaya ba zan iya cewa wankin nan ya fita ko bai fita ba. Kira likitan nan."

Na sauka matakalar nan da gudu har na bar takalmi ɗaya a sama.

An yi aikin idon hagu lafiya. Ranar da aka cire bandeji, tun a asibiti ya ce in miƙo masa hular. Ya duba ta da ido biyu, tsaf, ciki da waje. Ya ce, "Da saura a gefen nan. Amma a wankin ɗan sanda, ya yi." Ya kafa ta a kansa.

Da muka fito daga jirgi a Abbasiya, Walid yana tsaye a mararrabar cikin fararen kayansa. Yana hango mu ya ja da baya sosai, ya tabbatar da akwai fili tsakaninsu, sannan ya dafa gwiwar hannunsa, ya dunƙule, ya ɗaga sama a tsakiyar titin Alƙahira, direbobi suna leƙowa suna mamakin wanda ɗan sanda yake shirin naushi. Baba ya tsaya, ya gyara zaman hularsa, ya dube shi da idanunsa biyu.

"Ɗaga da kyau, yaro," in ji shi. "Ai yanzu ina ganinka."